INFJ, ENTP da Sauransu: Me Haruffan Nan Huɗu Ke Faɗa Game da Halin Mutum?

A 'yan shekarun nan, duk mai leƙa Facebook, X ko TikTok zai ci karo da matasa suna liƙa wasu haruffa huɗu kusa da sunayensu: wannan INFJ, wancan ENTP, waccan ISFJ. Wani zai rubuta cewa ya daina zuwa biki domin gwaji ya nuna masa shi mai son kaɗaici ne. Wata za ta tambayi mai neman aurenta haruffansa tun kafin ta tambayi sana'arsa. Iyaye da yayye kuwa suna gefe suna kallon ikon Allah. Wasu na ɗaukar abin wani sabon salon duba ne irin na taurari, wasu na ganin kawai an samo wa miskilanci suna mai daɗin ji.

Haruffan sakamakon wani gwajin hali ne. Suna da asali, kuma akwai ilimi a bayansu, sai dai ilimin bai kai inda masu yaɗa su ke kai shi ba. Tambayar da ta fi damun mutane ita ce ta yau da gobe: idan ɗanka, matarka ko abokin aikinka ya ce shi nau'i kaza ne, nawa za ka ɗauka daga maganar, kuma yaya za ka zauna da shi?

## Abin da ake aunawa

Idan masana halayyar ɗan Adam suka ce hali, suna nufin yadda mutum ya saba tunani, ji a rai da aikatawa, a wurare daban-daban kuma na tsawon lokaci. Wanda ya yi fushi yau saboda an taka shi a kasuwa, wannan yanayi ne mai wucewa. Wanda ƙaramin abu ke tunzura shi a gida da shago da masallaci shekara da shekaru, wannan ake kira hali. Haka kuma suna raba shi da tarbiyya. Mai yawan magana zai iya zama mutumin kirki ko mugu, mai shiru-shiru ma haka. Gwaje-gwajen da ake yayi ba su auna kirki.

Akwai hanya biyu ta bayyana hali, kuma duk rigimar masana a kansu take. Ta farko tana zuba mutane cikin rukuni: kai ɗan wannan gida ne ko ɗan wancan. Ta biyu tana ɗora su a kan mizani: kowa yana da rabonsa na kowace siffa, wani da yawa, wani kaɗan. Kamar tsayi ne. Za a iya raba mutanen unguwa gida biyu, dogaye da gajeru, amma in an kawo abin awo za a tarar yawancinsu matsakaita ne, kuma wanda aka kira dogo bai fi wanda aka kira gajere da kaurin yatsa ba.

## Daga ruwa huɗu na jiki zuwa haruffa huɗu

Raba mutane gida-gida tsohon abu ne. Likitocin Girka na da, Hippocrates da kuma Galen wanda ya rayu a ƙarni na 2 miladiyya, sun koyar da cewa jiki na ɗauke da ruwa iri huɗu: jini, majina, ruwan matsarmama rawaya da kuma baƙi. Wanda ya rinjaya a jikin mutum shi ke sa ya zama mai fara'a, mai sanyin jiki, mai zafin rai ko mai yawan baƙin ciki. Likitocin Musulmi irin su Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, sun gaji wannan tsari suka faɗaɗa shi, shi ya sa duk wanda ya karanci littattafan ɗibbu na Larabci ya san safra'u da sauda'u da balgam. Ilimin likitanci na zamani ya ajiye batun ruwan huɗu tuntuni, amma rabon halayen gida huɗu yana nan a littattafan nasiha da laccocin matasa.

Haruffan da ake yayi yanzu sun samo tushe ne daga Carl Jung, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Suwizalan, wanda a 1921 ya wallafa littafi kan nau'o'in hali. Shi ya yaɗa batun mai fuskantar ciki da mai fuskantar waje, waɗanda matasa ke kira intirobat da ekstirobat. Jung ya gina ra'ayinsa ne a kan abin da ya lura da shi wajen marasa lafiyarsa da kuma karance-karancensa, bai yi gwaji da ƙididdiga ba. Shi da kansa ya ce babu mutumin da yake zallar ɗaya daga cikin biyun.

Wata Ba'amurkiya, Katharine Cook Briggs, ta karanta littafin ya shiga ranta. Ita da 'yarta Isabel Briggs Myers suka mayar da shi tambayoyin da mutum zai amsa a takarda. Sun fara ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da maza suka tafi fagen daga, mata suka shiga masana'antu, ana neman hanyar sanin aikin da ya dace da kowace. Babu ɗaya daga cikinsu da ta yi karatun ilimin halayya a jami'a: uwar aikin gona ta karanta, 'yar kuma kimiyyar siyasa. A 1962 wata cibiyar shirya jarrabawa ta Amurka ta buga gwajin, wanda aka sani da MBTI, daga nan ya bazu a kamfanoni da makarantu.

Tsarin mai sauƙi ne. Tambayoyin sun kasu kan ma'auni huɗu, kowane da gefe biyu. Harafin farko, E ko I, yana nuna inda mutum ke samun kuzari: cikin jama'a ko in ya keɓe. Na biyu, S ko N, yadda yake ɗaukar bayani: ɗan kasuwa mai S zai riƙe farashin buhu na yau da adadin da ya rage a shago, mai N hankalinsa na kan inda kasuwar za ta nufa bayan kaka. Na uku, T ko F, yadda yake yanke hukunci: in yaron shago ya yi asara, mai T zai fara duba ƙa'idar da aka shimfiɗa, mai F zai fara duba halin da yaron ke ciki. Na huɗu, J ko P, wanda Briggs da Myers suka ƙara da kansu, ya shafi tsara rayuwa: mai J ya kai ɗinkin Sallah tun farkon azumi, mai P yana bakin shagon tela daren jajibiri. Biyu sau biyu sau biyu sau biyu, an sami nau'i 16.

Wani abu da yawancin masu liƙa haruffan ba su lura da shi ba: ainihin MBTI na kuɗi ne, kuma bisa ƙa'ida wanda aka horar ne ke yi wa mutum bayanin sakamakonsa. Abin da aka fi yi a waya shi ne gwajin kyauta na shafin 16Personalities, wanda ya ari haruffan ya ƙara na biyar, A ko T, kuma ya gina tambayoyinsa a kan wani tsarin dabam.

## Inda aka ja daga

Masu sukar MBTI, waɗanda su ne mafi rinjaye cikin masu bincike a jami'o'i, suna kafa hujja da abubuwa da dama. Babba a cikinsu shi ne batun tsayin nan. In da gaske mutane gida biyu ne, da makin da suke samu zai taru a gefe biyu, tsakiya ta zama fayau. Abin da ake gani akasin haka ne: yawancin mutane a tsakiya suke. Mai maki 51 sai a ba shi E, mai 49 a ba shi I, a ce musu jinsinsu daban, alhali kusan abu ɗaya suke. Daga nan matsala ta biyu ke fitowa. Tunda mutane da yawa a bakin layi suke, amsa biyu ko uku in suka sauya sai harafi ya juye. Wasu binciken sun nuna kusan rabin waɗanda suka maimaita gwajin bayan mako biyar sun fito da nau'i dabam. A 1991 wani kwamitin Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa a Amurka ya duba binciken da ake da su, ya ce babu isasshiyar hujjar da za ta sa a dogara da gwajin wajen ba mutum shawarar sana'a.

To me ya sa mai karanta sakamakonsa ke cewa wallahi kamar an leƙa zuciyarsa? Wani malamin jami'a, Bertram Forer, ya amsa wannan tun 1948. Ya yi wa ɗalibansa gwaji, ya ba kowa takarda ya ce bayanin halinsa ne shi kaɗai, ya nemi su ba da maki daga 0 zuwa 5 kan yadda bayanin ya dace da su. Matsakaicin makin ya haura 4. Ashe takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga littafin masu duban taurari ya tsinto jimlolin. Magana irin su “kana son mutane su yaba maka, amma kana yawan zargin kanka” babu wanda ba za ta hau kansa ba.

Masu kare gwajin su ma ba hannu sake suke ba. Sun ce ba a yi shi don hasashen wanda zai yi nasara ba, an yi shi ne don mutum ya san inda ransa ya fi karkata. Ba shi da nau'i mai kyau da marar kyau, saboda haka mutane ke sakin jiki su yi maganar bambancinsu ba tare da wani ya ji an muzanta shi ba. Kamfanin da ke da gwajin da bakinsa ya ce bai halatta a yi amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata ba. Sannan wani bincike na 1989 ya nuna ma'aunansa huɗu suna da alaƙa ta zahiri da huɗu daga cikin siffofi biyar da masana suka fi yarda da su. Ke nan tambayoyin suna taɓa abu na gaske. Yanka mutane gida 16 da ake yi bayan an tara makin shi ne ba shi da ƙafar tsayawa.

## Siffofi biyar

Tsarin da ya fi karɓuwa a wajen masu bincike daga ƙamus ya faro. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da Turanci ke siffanta mutum da su. Masu bincike na baya suka yi ta tacewa da lissafi, suna duba waɗanne siffofi ne ke tafiya tare, har suka tsaya a kan biyar: buɗaɗɗen tunani da son sabon abu; tsari da riƙon aiki; son shiga jama'a; sauƙin kai da tausayi; sai saurin damuwa. Kowace mizani ce, ba a cewa kana da ita ko ba ka da ita. Ta biyar ɗin, saurin damuwa, ita ce MBTI bai taɓo ba sam, kuma ita ce ta fi alaƙa da zaman lafiyar aure da lafiyar ƙwaƙwalwa. Daga baya wasu masana biyu a Kanada, Michael Ashton da Kibeom Lee, suka ƙara ta shida bayan nazarin harsuna da dama: gaskiya da tawali'u.

Shi ma wannan tsarin yana da iyaka. Tun 1968 Walter Mischel ya nuna cewa makin gwajin hali ɗan kaɗan yake faɗa game da abin da mutum zai yi a wani lokaci guda, domin wuri da mutanen da ke wurin suna da nasu ƙarfin. Gwaji ya fi iya faɗin yadda mutum zai kasance a jimlace cikin shekara, bai san abin da zai yi gobe da safe ba.

## An auna Bahaushe kuwa?

A 2010 wasu masana uku, cikinsu har da Joseph Henrich, sun ja hankalin duniya cewa mafi yawan binciken halayya a kan mutanen ƙasashen Yamma masu arziki da ilimin boko aka yi su, sau da yawa ma ɗaliban jami'a, sannan a ce haka ɗan Adam yake. Da aka kai gwajin siffofi biyar wajen al'ummar Tsimane masu noma da farauta a Bolibiya, sakamakon da aka wallafa a 2013 bai fitar da biyar ɗin ba. Manyan abubuwa biyu ne suka fito: kyautata wa jama'a da himmar aiki. Wani bincike na 2019 da ya tattara amsoshi daga ƙasashe masu tasowa fiye da 20 ya gano cewa in aka yi tambayoyin baki da baki, amsoshin ba sa jeruwa yadda suke jeruwa a Turai da Amurka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Ɗauki tambaya irin wannan: shin kana jin daɗin hankalin taro ya dawo kanka? Yarinyar da aka rena da kunya za ta ce a'a, ko da kuwa ita ce ke riƙe da hira in ta shiga cikin ƙawayenta. Amarya a gidan surukai ba a jin muryarta, ranar da ta je gida kuwa sai an ce ta yi shiru. Saurayi ba ya ɗaga ido gaban mahaifinsa, a majalisa shi ne mai baki. Uwa tana kawaici ga ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, kuma babu wanda zai ce ba ta son sa. Wanne daga cikin fuskokin nan biyu mutum zai tuna sa'ad da yake latsa amsa? Ƙari a kan haka, tambayoyin da Turanci suke zuwa, kuma wanda Turancinsa bai nuna ba zai iya amsa abin da ba a tambaye shi ba.

Hausawa ma suna da nasu ma'aunin, sai dai wani abu dabam yake aunawa. Anthony Kirk-Greene, Baturen da ya yi aikin mulki a Arewa, ya koyar a Zariya sannan a Oxford, ya wallafa nazari a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki. Ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk cikinsu babu yawan magana ko ƙarancinta. Abubuwa ne da al'umma ke nema a wajen kowa, ko wane irin jini gare shi. A nan saɓanin matasa da manya yake: yaro yana bayanin yadda aka halicce shi, babba yana maganar abin da ya wajaba a kansa, kowa na ganin ɗayan bai fahimce shi ba.

## Hali zanen dutse ne?

Karin maganar tana da rabin gaskiya. Nazarin tagwaye, har da waɗanda aka raba tun suna jarirai suka tashi a gidaje daban-daban, ya nuna wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100 na bambancin hali tsakanin mutane daga gado yake. Yaron da ya fi sa'o'insa shiru yana da yiwuwar ya fi su shiru har tsufa. Amma a 2006 Brent Roberts da abokan aikinsa suka haɗa bincike 92 da suka bi mutane tsawon shekaru, suka ga yawanci mutum yana ƙara natsuwa da riƙon aiki, damuwarsa na raguwa, musamman tsakanin shekara 20 zuwa 40, lokacin da aure da aiki da 'ya'ya ke hawa kansa.

Malaman Musulunci sun daɗe da tattauna wannan. A hadisin Ashajju na ƙabilar Abdul Ƙais, Annabi (SAW) ya gaya masa yana da halaye biyu da Allah ke so, haƙuri da rashin gaggawa, kuma a wata ruwayar da ya tambaya ko shi ya koye su, aka ce masa a kansu aka halicce shi. Imam Gazali kuwa ya yi raddi ga masu cewa hali ba ya sauyawa, ya ce in da haka ne da wa'azi da nasiha da tarbiyya ba su da amfani. Bai ce a tumɓuke fushi ko sha'awa daga tushe ba, ya ce a horar da su su daidaita. Wannan bai yi nisa da abin da ƙididdiga ta nuna ba.

## Zama da juna

Rayuwar Hausawa ta jama'a ce: gidan yawa, biki, suna, gaisuwar mutuwa, dubiya, majalisar ƙofar gida. Mai son shiga mutane a nan kasuwarsa ke ci, ana ce masa mai faran-faran, mai haba-haba. Mai fuskantar ciki kuwa shi ke shan suna: miskili, mai girman kai, mai gudun dangi. Abin da ke faruwa da shi a zahiri ya fi haka sauƙi. Taro yana gajiyar da shi yadda aikin ƙarfi ke gajiyar da wani, sai ya keɓe kafin ya dawo daidai. Ba lallai yana jin tsoron mutane ba, ba lallai ya ƙi su ba. Da yawa daga cikin irinsu in aka zauna da su mutum biyu ko uku, sai an gaji da hirarsu.

Abin da ke sauƙaƙa zama da shi ƙananan abubuwa ne. A sanar da shi baƙi za su zo tun kafin su yi sallama. In an tambaye shi ra'ayi a taron dangi, a ba shi lokaci, ko a same shi daga baya shi kaɗai, domin irinsa sai ya gama tunani yake magana. Kada a mai da shirunsa abin tsokana gaban mutane, wannan ƙara rufe masa baki yake yi. Sau da yawa kalma ɗaya daga wanda ya san shi ke kashe wutar. Miji zai iya ce wa mahaifiyarsa: “Hajiya, ba raini ba ne, ko a gidansu haka take. In kuka zauna ku biyu za ki ji bakinta.” Wannan ya fi ya koma ɗaki ya ce wa matar ta sauya hali cikin mako guda.

Shi ma akwai nasa kason. Zumunci da haƙƙin maƙwabtaka ba su faɗi a kan kowa saboda sakamakon gwaji ba. Zai iya zuwa gaisuwa ya yi rabin awa ya tashi, ya je gidan biki da wuri kafin a cika, ya kira 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya maimakon jiran taro. Kuma bayani da bakinsa ya fi haruffa aiki. “Yaya, in na dawo daga aiki ina bukatar in ɗan huta kafin hira” magana ce da kowa zai gane. INFJ ba ta gaya wa yayan komai.

Mai yawan magana shi ma ana yi masa gurguwar fahimta, ana ɗaukarsa marar zurfin ciki. Sau da yawa da baki yake tunani, abin da ya faɗa da farko ba shi ne matsayarsa ta ƙarshe ba, kuma shirun abokin zama yana yi masa nauyi har ya ɗauka fushi ake yi da shi. Mai saurin damuwa kuwa “ba komai, ki kwantar da hankalinki” ba ta cika yi mata magani ba. Abin da ya fi taimaka mata shi ne bayani ƙarara: ga inda nake, ga lokacin da zan dawo, ga yadda za a biya kuɗin makaranta. Tsakanin mai tsari da marar tsari, faɗan kusan kullum a kan kuɗi da lokaci yake, kuma raba aiki bisa ƙarfin kowa ya fi saurin kawo sulhu a kan jiran ɗaya ya koma ɗayan.

Haɗarin da ke tattare da lakabin shi ne ya zama mafaka. “Haka nake” ta dace da wanda ba ya son hayaniya. Ba ta wanke wanda ke zagi, ko saɓa alkawari, ko hana iyali haƙƙinsu ba, domin waɗannan ba sa cikin abin da kowane gwaji ya kira nau'in hali.

## Aure da neman aiki

Jadawalin da ke yawo a intanet, wai nau'i kaza da nau'i kaza ne suka dace da aure, ba shi da bincike mai ƙarfi a bayansa. Wani nazari na 2010 da ya duba ma'aurata fiye da mutum 20,000 a Ostareliya, Birtaniya da Jamus ya gano cewa kamanceceniyar hali tsakanin miji da mata ba ta kai ko kashi 1 cikin 100 na abin da ke bambanta masu jin daɗin aure da marasa jin daɗinsa ba. Abin da ya fi tasiri shi ne kowannensu ya kasance mai sauƙin kai, mai riƙon amana a aiki da alkawari, marar saurin tunzura. Abin lura a nan, binciken da iyaye ke yi kafin a ba da aure, a tambayi maƙwabta da abokai da waɗanda suka yi hulɗar kuɗi da mutum, yana da goyon bayan ilimi: nazari ya nuna shaidar waɗanda suka daɗe da sanin mutum takan faɗi yadda zai yi aiki daidai da abin da ya faɗa game da kansa, wani lokaci ma fiye. Mutum ya fi kowa sanin damuwar da ke cikinsa, amma wasu sun fi shi ganin yadda yake mu'amala.

A wajen aiki, siffar da aka fi samu tana tafiya da ƙwazo a kusan kowace sana'a ita ce tsari da riƙon aiki, kamar yadda wani babban nazari na 1991 ya nuna. Zaton cewa sai mai surutu ke iya ciniki ma bai tabbata ba: a 2013 Adam Grant ya bi ma'aikata 340 masu tallar kaya ta waya, ya tarar matsakaita ne suka fi kawo kuɗi, sun fi masu yawan magana da masu yawan shiru. Inda aka bar lakabi ya yi ƙarfi kuwa an ga illarsa. A Koriya ta Kudu, inda MBTI ya zama ruwan dare tun wajen 2020, an ga tallar aiki da ke cewa masu wasu haruffa kada su nema. A Japan an daɗe ana danganta hali da rukunin jini, har ana nuna wa wasu bambanci saboda shi, alhali bincike bai tabbatar da alaƙar ba.

## Inda hali ya tsaya, ciwo ya fara

Hali abu ne da aka san mutum da shi tun da daɗewa. Wanda da yake da fara'a, kwatsam ya daina fita, abinci ya fita ransa, barci ya gagare shi ko ya yi masa yawa, abin da yake so da ya daina burge shi, kuma hakan ya kai mako biyu ko fiye, wannan alamun ciwon damuwa ne. Haka wanda yake son shiga mutane amma tsoro ke hana shi, har ya kasa zuwa aji ko wurin aiki, shi ma wata lalura ce ke damunsa. A gidaje da yawa akan fara zargin sammu ko iska, yanzu kuma an sami ƙarin wata mafakar, a ce ai intirobat ne. Duk biyun suna jinkirta zuwa asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, kuma manyan asibitocin koyarwa suna da sashen. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma haramta nuna wa masu irin wannan lalura bambanci.

## Wa ke karɓar amsoshinka?

Gwajin kyauta yana tambayar abubuwan da mutum ba zai gaya wa baƙo a hanya ba: tsoronsa, yadda yake yanke shawara, abin da ke ɓata masa rai. A 2018 aka bankaɗo cewa wata manhajar gwajin hali a Facebook, wadda mutum kusan 270,000 suka yi amfani da ita, ta kwashi bayanan abokansu har adadin ya kai miliyan 87, aka miƙa wa kamfanin Cambridge Analytica mai aikin tallar siyasa. Ba kowane shafi ke haka ba, amma wanda ya nemi izinin shiga asusunka na sada zumunta, ko lambar waya kafin ya nuna sakamako, ya nemi abin da lissafin makin ba ya bukata. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum damar tambayar kamfani abin da ya ajiye game da shi, ya kuma nemi a goge, sai dai bin wannan haƙƙi a kan shafin da ke wata ƙasa abu ne mai wuya.